Abin da aikin jinyar tik ta waya ya koya mana

Yaron da ke yawan ƙifta ido, ko girgiza kai, ko gyaran murya ba dalili, ba rashin kunya yake yi ba, ba kuma iska ba ce. Likitoci na kiran wannan tik. Yakan fara tsakanin shekara 4 zuwa 6, ya tsananta wajen 10 zuwa 12. Iyalin da ke Tahoua ba sa iya tafiyar kilomita sama da 500 zuwa Yamai kowane mako don a koya wa yaro yadda zai shawo kan tik, shi ya sa ake yin wannan horo ta kiran bidiyo. Amma sai likita ya fara ganin yaron ido da ido, ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce.

Zama 8 ake yi cikin mako 10. Da farko yaro ya koyi gane abin da ke zuwa kafin motsin, wani matsi ko ƙaiƙayi a wuya ko a ido. Sannan a ba shi kishiyar motsi, wato motsin da zai yi don ya hana tik ɗin fitowa. Mai ɗaga kafaɗa ya danne su ƙasa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Mai gyaran murya ya rufe baki, ya numfasa a hankali ta hanci. Zai riƙe minti ɗaya, ko har matsin ya lafa. Tik ɗaya ake kamawa, wanda ya fi damun yaron, ba wanda ya fi damun iyaye ba. Ƴan ƙasa da shekara 9 sau da yawa ba su iya bayyana matsin, kada a takura musu.

Waya tana ɓoye abubuwa. In aka riƙe ta a hannu, fuska kaɗai ake gani, ƙafa na ta harbi ba wanda ya sani. A jingina ta a bango, taku biyu daga yaron, haske a gabansa. In rezo ya yi rauni hoto yana tsayawa, ƙiftawar ido ta wuce ba a ƙirga ba. Don haka uwa ta ɗauki bidiyon minti biyu a gida, da sanin yaron, ta turo kafin zama.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne tsakar gida. "Kai, daina!" na ƙara tik, haka ma dariyar ƴan uwa. Uwa ko yayarsa ta zauna da shi kamar minti 15 kullum, ta yaba in ya yi kishiyar, in ya manta ta tuna masa da alamar hannu. A sanar da malamin lakwal da na makarantar allo, don kada bulala ta rushe abin da aka gina.