Tumaki a Titunan Madrid da Kajin Bayan Gidana

Da kiwo na tashi, kuma ko da aiki ya kawo ni birni, inda ƙarar motoci ba ta yankewa dare da rana, ban iya rabuwa da shi ba. A ɗan filin da ke bayan gidana akwai kaji shida da akuya ɗaya, kuma baƙi kan tambaye ni dalilin da ya sa mai fita aiki da sassafe zai ɗora wa kansa wannan ɗawainiya.

Amsata ita ce dabba ba ta san gaggawa ba. Kaza sai ta yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, akuya kuma sai ta yi kusan wata biyar da ciki, babu hanzarin birni da zai rage mata ko kwana ɗaya. 'Ya'yana, waɗanda a birni aka haife su, a gaban akurki suka fara koyon jira, a nan kuma suka gane cewa ƙwan da suke ci daga jikin mai rai yake fitowa, wadda ƙishirwa ke wahalar da ita idan aka manta da ruwanta.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne ganin yadda wasu manyan birane suka ƙi yin watsi da wannan gado. A Madrid, babban birnin Sifaniya, tun shekarar 1994 ake ware rana guda a lokacin kaka, a tsayar da motoci, makiyaya su koro garken tumaki ta tsakiyar gari. Titunan da suke bi tsohon burtali ne wanda gini ya hau kansa, haƙƙin binsa kuwa ya samo asali tun 1273, lokacin da Sarki Alfonso na 10 ya amince da ƙungiyar makiyaya mai suna Mesta. Har yanzu makiyayan kan miƙa wa hukumar birnin ɗan kuɗin wucewa bisa wata yarjejeniya da aka ƙulla a shekarar 1418, kuma wannan ne ya fi taɓa zuciyata, domin birnin yana shaida da kansa cewa dabbobi sun riga shi bin wannan hanya. A Landan ma akwai gonar Mudchute mai faɗin eka 32, inda tumaki ke kiwo ana hango dogayen benayen unguwar kasuwanci ta Canary Wharf.

Sai dai kiwon birni yana da nauyin da na ƙauye bai da shi, domin katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci. Wari da ƙuda da carar zakara kafin asuba duk hakkin wani ne suke taɓawa, shi ya sa na haƙura da zakara, nake kuma share garke kullum kafin in fita. Sakin dabba ta yi yawo a titi zalunci ne a gare ta, saboda za ta ci leda a juji, ledar ta cunkushe mata tumbi, ta yi ta ramewa alhali mai ita yana zaton wata cuta ce dabam. Haka na rasa akuyata ta farko, kuma laifina ne. Wadda nake da ita yanzu ba ta fita, ni nake kawo mata harawa da dusa idan na taso daga aiki.