Kwana Shida a La Digue: Shiru Ma Yana da Lokacinsa

Jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga tsibirin Praslin bai wuce minti 15 a kan ruwa ba ya sauke mu a La Passe, ƙauyen da tashar jiragen La Digue take, kuma abin da na fara lura da shi bayan an kashe injin shi ne ƙarar sarƙar kekuna. Na daɗe rabona da tsayawa a bakin titin da ƙarar sarƙar keke ke iya isa kunnen mutum. Ni da maiɗakina muka karɓi hayar kekuna biyu a nan kusa da tashar, muka ɗora 'yan jakunkunanmu a kwandunan da ke bayansu, muka bi wata siririyar hanya zuwa masaukin da za mu yi kwana shida a cikinsa.

La Digue ɗaya ne daga cikin tsibirai 115 da suka haɗu suka zama ƙasar Seychelles, a Tekun Indiya, kimanin kilomita 1,500 gabas da gaɓar Afirka. Tsawonsa kusan kilomita 5 ne, faɗinsa kuma kusan 3, mazaunansa kimanin mutum 3,000. Ya samo sunansa daga wani jirgin ruwa na ayarin Bafaranshe Marion du Fresne, wanda ya ratsa yankin a 1768, lokacin da babu kowa a tsibirin sai tsuntsaye da kunkuru. Har yau ba shi da filin jirgin sama. Mai son zuwa sai ya sauka a Mahé, babban tsibirin ƙasar, ya shiga jirgin ruwa na kusan awa guda zuwa Praslin, sannan ya sake shiga wani ƙarami. Wannan wahalar isa ce ta ja hankalina tun farko, domin na ɗauka za ta zama rariyar da za ta tace jama'a, ta bar wa wanda ya jure gaɓar teku shi kaɗai.

Washegari na gane cewa lissafin nan nawa rabin gaskiya ne. Mun yi barcinmu ya ishe mu, muka tashi da hantsi muka nufi Anse Source d'Argent, gaɓar da hotunanta suka karaɗe duniya, wadda ake shiga ta cikin tsohuwar gonar kwakwa mai suna L'Union Estate. Da muka isa wajen ƙarfe 11, sai muka tarar da kekuna jere kamar an tashi makaranta, mutane kuma sun yi layi a gaban kowane dutse mai kyau suna jiran juna su ɗauki hoto. Teku ma ya janye can nesa, abin da ya rage a gabanmu ruwa ne da bai kai gwiwa ba, cike da ciyawar ruwa da ɓaraguzan murjani (wata halittar teku mai tauri kamar dutse) masu sukar tafin ƙafa. Na zauna a inuwa ina tambayar kaina ko wannan ne abin da muka ƙetaro teku dominsa.

Dattijuwar da ke da masaukinmu ce ta warware mini matsalar da yamma, ba tare da ta nuna mamaki ba, alamar dai ba ni ne baƙon farko da ya dawo mata da wannan fuskar ba. Ta ce yawancin mutanen da na gani ba a tsibirin suke kwana ba. Da jiragen safe suke shigowa daga Praslin da Mahé, su yi sa'o'i biyar ko shida, su koma da jiragen la'asar. Baƙo raɓa ne, waɗannan kuwa raɓar tasu ba ta ko kwana. Sannan ta nuna mini wata takarda da ta manna a bango, jadawalin cikar teku da janyewarsa, ta ce kada in ƙara shirya yinina ban duba ta ba.

Ga wanda bai taɓa zama kusa da teku ba, wannan takardar tana buƙatar bayani, domin ita ce agogon gaskiya na duk wanda ya je hutu a tsibiri. Teku yakan cika ya janye sau biyu a kowane yini, tsakanin cika ɗaya da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, kuma jan da wata ke yi wa ruwa ne babban dalilin hakan, rana kuma tana taimaka masa. Saboda wata ne ke jan ragamar, lokacin cikar yakan jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, ta yadda gaɓar da ta cika maƙil da ƙarfe 8 na safiyar yau, bayan mako guda a wannan sa'ar za a tarar da ita a janye. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, cikar takan fi yawa, janyewar ma takan fi nisa. A gaɓar da murjani ya kewaye kamar Anse Source d'Argent, inda ruwan ba shi da zurfi tun asali, wannan bambancin shi ne ke raba wurin ninƙaya da filin tsakuwa.

Bayan kwana uku, da jadawalin ya nuna cikar za ta faɗo da safe, muka koma da zarar an buɗe ƙofar gonar. Gani ya kori ji. Ba mu fi mutum goma ba a duk tsawon gaɓar, ruwan ya hauro har gindin duwatsu, garau kamar ba ruwan gishiri ba, yashin kuma fari tas babu sawun kowa sai na kaguwa. Duwatsun nan su ne abin da ya bambanta wurin da sauran gaɓoɓin da na taɓa gani a hoto: manya ne, wasu sun fi ɗaki tsayi, launinsu tsakanin toka da ja-ja, ruwan sama ya yi dubban shekaru yana zuba a kansu har ya yi musu tsaga-tsaga daga sama zuwa ƙasa kamar an kafta su da yatsu. Dutsen giranit ne, irin wanda aka sani a tsakiyar nahiyoyi, kuma samunsa a tsakiyar teku abin mamaki ne, tun da yawancin tsibiran da ke nesa da nahiya aman wuta ne ko murjani ya samar da su. Masana ilimin ƙasa sun bayyana cewa waɗannan tsibiran ɓantare ne na tsohuwar nahiyar Gondwana, wanda ya saura a nan lokacin da Indiya ta rabu ta nufi arewa, kuma shekarun dutsen sun kai kimanin miliyan 750. Na jingina bayana da ɗaya daga cikinsu, yana nan da sanyin dare a jikinsa, muka yi kusan awa uku a wurin. Da muka hango ayarin farko na masu jirgin safe, sai muka tattara muka bar musu.

Ɗaya hanyar samun shiru ita ce ƙafa. A gabashin tsibirin akwai gaɓoɓi uku a jere, Grand Anse da Petite Anse da Anse Cocos, kuma titi a ta farko ya ƙare. Kafin a kai gare ta ma sai an hau wani tudu da ya tilasta mini sauka in tura keke, ina haki, yara 'yan makaranta suna wuce ni a kan nasu. Daga Grand Anse sai mutum ya ajiye keke ya bi turba ta cikin kurmi da kan duwatsu, kuma na lura cewa duk tudun da aka haura, rabin masu tafiyar ne ke juyawa. Mun isa Anse Cocos cikin ƙasa da awa guda, muka tarar da mutane ƙalilan warwatse a ƙarƙashin bishiyoyi, kowa yana harkar gabansa.

Sai dai ruwan wannan ɓangaren ba na wasa ba ne, kuma ina so in tsaya a kan wannan batun domin kyan wurin yana yaudara. Babu katangar murjani da ke tare raƙuman ruwa a gabas, saboda haka da cikakken ƙarfinsu suke isowa, musamman daga Mayu zuwa Oktoba lokacin da iskar kudu maso gabas ke kaɗawa. Mu a Afrilu muka je, watan da iska ke lafawa kafin ta sauya alƙibla, amma duk da haka da na shiga zuwa ƙugu a Grand Anse na ji yashi yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafafuna, ruwan da ke komawa yana jana kamar an ɗaura mini igiya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Na fito ba tare da gardama ba. Haɗarin da ya fi kowanne a irin wannan gaɓar shi ne wata siririyar magudana da ruwa ke bi ya koma cikin teku da sauri, wadda sau da yawa takan yi kama da wurin da ya fi kwanciya saboda raƙuman ruwa ba sa fashewa a kanta. Wanda ta ɗauka, kuskurensa shi ne ya yi ta kokawa da ita yana neman komawa tudu kai tsaye har ya gaji. Abin da ake koyarwa shi ne ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikinta. Akwai allunan gargaɗi a wurin, kuma ba don ado aka kafa su ba. A ƙarshen Anse Cocos akwai wani ɗan tafki da duwatsu suka kewaye suka kare shi daga raƙuman ruwa, a nan ne kawai muka yi wanka hankali kwance.

Abin da ya ɓata mini rai a tafiyar, wanda masu tallar wuraren hutu ba sa ambata, shi ne halin da murjani ke ciki. Na sa tabarau na ruwa a Anse Sévère, arewa da La Passe, ina sa ran ganin lambu mai launuka, sai na tarar da ƙasan ruwan galibi ɓaraguzai ne masu launin toka, kifaye masu ban sha'awa suna yawo a kansu kamar masu zaman makoki cikin kayan ado. Murjani dabba ce mai rai, tana zaune da wasu ƙananan tsirrai a cikin jikinta waɗanda ke ba ta abinci da launi, kuma idan ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na tsawon makonni sai ta kore su, ta yi fari, in zafin ya ɗore ta mutu. Hakan ya faru a 1998, inda kusan kashi 90 cikin 100 na murjanin waɗannan tsibiran ya halaka, kuma bayan ya fara farfaɗowa wani zafin ya sake auka masa a 2016. Tun da na san haka na daina taka duk abin da ba yashi ba ne a cikin ruwa.

Tsakar rana ba ta gaɓar teku ba ce. Tsibirin yana kusan digiri 4 kudu da layin da ya raba duniya biyu, rana tana tsayawa a tsakar kai, yashi da ruwa kuma suna maido da haskenta, har mai duhun fata ma sai ya ji a kafaɗunsa da dare. A irin waɗannan sa'o'in mukan shige ɗan kurmin da aka keɓe domin wani tsuntsu da mutanen wurin ke kira veuve, wato matar da mijinta ya rasu, saboda baƙin gashin namijin da dogon bindinsa. Macen kuwa ja-ja ce, cikinta fari, kanta baƙi. Ya kusa ƙarewa a duniya har ya zamana kusan a La Digue kaɗai yake hayayyafa, shi ya sa a 2008 aka kwashi guda 23 aka kai tsibirin Denis domin kada a tara ƙwai duka a kwando ɗaya. Sai a zuwanmu na biyu muka gan shi, bayan mun zauna shiru a kan benci har sauro ya gama saninmu. Manyan kunkuru irin na tsibirin Aldabra kuwa ba sa buƙatar nema, domin wani ma a tsakar hanya muka same shi yana cin ganye, kekuna suna kauce masa. Suna haura shekara 100 a duniya, kuma tafiyarsu ta nuna sun san da haka.

Na zo da jerin wuraren da zan gani, ciki har da Nid d'Aigle, ƙololuwar tsibirin mai tsayin mita 333, da kurmin Vallée de Mai a Praslin inda kwakwar da ta fi kowane iri girma a duniya ke fitowa. Ban je ko ɗaya ba, kuma ban yi nadama ba.

Rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6 a kusan duk shekara, ta bayan tsaunukan Praslin, kuma duhu ba ya ɓata lokaci kafin ya rufe. A daidai wannan lokacin jirgin ƙarshe na masu yini ya riga ya tashi, manyan jemagu suna ratsa sama zuwa bishiyoyi, mazauna tsibirin suna fitowa bakin ruwa da 'ya'yansu. Hanyoyi da yawa ba su da fitila, yawancin kekunan haya ma haka, saboda haka tocila tana cikin kayan da bai kamata a manta da su ba. Daren farko da hasken waya muka lallaɓa gida. Ba zan ce tsibirin yana nan yadda tsofaffin hotuna ke nuna shi ba. Amalanken shanu da aka san shi da su sun kusa zama na nuni ga baƙi kawai, motocin ɗaukar kaya da ƙananan motocin lantarki na otal-otal suna ƙaruwa, ana kuma gine-gine a wurare da dama. A ganina wanda zai iya ware kwana huɗu zuwa sama ne kaɗai zai sami abin da ake zuwa nema, domin sai an ba jadawalin teku 'yan kwanaki kafin cikar ta faɗo a sa'ar da gaɓa ba kowa.

Ran da za mu tafi na duba takardar bango bisa sabo, na ga cikar ta koma wajen hantsi, daidai lokacin da jama'a za su isa Anse Source d'Argent. Muka yi sallama da dattijuwar, muka mayar da kekuna, yashi cike da kwandunansu. Jirgin da za mu shiga shi ne ya kawo masu yini, muka tsaya gefe suna fitowa da hulunansu da na'urorin ɗaukar hoto suna sauri zuwa wurin hayar keke, wani daga cikinsu ya karɓi wanda na ajiye, mai birkin baya da ke ƙara.