Shagon hayar kayan zamiya a saman tsaunin Chamrousse

In na ce wa mutane shagon hayar kayan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara gare ni sai su ɗauka aikin bai wuce miƙa wa bature takalmi da katakon zamiya ya biya ya tafi ba. Toh wannan ɗin ma akwai, amma rabin aikin duban sama ne. Shagon yana Chamrousse, tsaunin da ke saman birnin Grenoble a Faransa, kamar kilomita 30 tsakaninsu, hanya ce mai kwana-kwana tun daga ƙasa har sama. Nan aka yi tseren gangara na gasar Olamfik ta 1968, wadda Jean-Claude Killy ya kwashe zinare 3, har yau tsofaffin wurin ba su gaji da labarin ba. Gidaje da shaguna suna wajen mita 1,650 zuwa 1,750, ƙololuwar kuma mita 2,250, kuma a kan lambobin nan cinikinmu yake tsaye.

Shi kwastoma abin da yake dubawa a waya santimita nawa dusa za ta zuba. Ni kuwa abin da nake fara nema a hasashen Météo-France, hukumar yanayi ta Faransa, shi ne a wane tsayi ruwan sama zai koma dusar ƙanƙara. Ko wace mita 100 ka hau sanyi yana ƙaruwa da abin da ya ɗan fi rabin digiri, don haka hadari ɗaya ne zai zo ya zuba dusa a ƙololuwa, ya zuba ruwa a ƙofar shagona. In suka ce iyakar tana mita 1,200 alhamdu lillahi, in tashi in kira yaran da ke taya ni su zo da wuri. In suka ce 2,000 kuwa, ko an yi alkawarin santimita 40 ba murna nake ba, don ruwa in ya sauka kan dusar da ke kwance cinye ta yake, abin da aka yi sati biyu ana tarawa dare ɗaya ya isa ya lalata shi, da safe kuma in sanyi ya dawo ya daskare ya zama ƙanƙara zalla, masu koyo su yi ta faɗuwa, wasu su dawo da kayan tun kafin azahar suna tambaya ko za a mayar musu da rabin kuɗi. Haka ta faru ƙarshen Disamban 2022 zuwa farkon Janairun 2023, ɗumi ya shigo da ruwa, wuraren zamiya da yawa a Faransa suka rufe hanyoyinsu ana tsakiyar hutu.

Hasashen kwana 2 ko 3 nakan yarda da shi. Na kwana 10 da manhajojin waya ke nunawa da ɗan hoton dusa mai kyau, wannan kam na kallo ne kawai, amma da shi mutane ke kama ɗaki su kuma soke.

Sai iska. Wallahi iska ta fi rashin dusa ɓata min rai, saboda komai yana nan, rana ta fito, dusa fes, amma in iskar ta yi ƙarfi a sama dole su tsayar da kujerun igiya masu hawa da mutane, kowa ya zauna ƙasa yana shan shayi. Ta kudu kuma ɗumi take kawowa, wani lokaci har da ƙurar Sahara. A Fabrairun 2021 sama ta yi ja, dusar ta koma ruwan ƙasa, turawa suna ta ɗaukar hoto suna mamaki, ni da na tashi cikin hazon hunturu a Damagaram ban ga abin mamaki ba, abin da na gani shi ne dusa mai ƙura ta fi farar shan zafin rana, narkewa take da sauri, kuma ƙurar tana cin gindin katakon.

A bayan shago aikin ma hasashen yake bi. Gindin katakon kaki ake goga masa da dutsen guga, a kankare, a buroshe, kuma kakin ranar tsananin sanyi daban na ranar da dusar ta jiƙe daban. In ka sa wanda bai dace ba mutum zai ji kamar ana riƙe shi ta baya. In na ga ƙanƙara za a wayi gari da ita, daren nan wasa bakin ƙarfen gefen katako muke har hannu ya gaji, don shi ke kama ƙasa in mutum zai juya. In sabuwar dusa ce mai laushi irin garin alkama sai mu fito da masu faɗi gaba. Maƙalin takalmin kuwa wannan ba ruwansa da yanayi, nauyin mutum da tsawonsa da shekarunsa da iyawarsa ake tambaya, kuma in ka ga yadda manya ke rage kilo a wurin nan sai ka yi dariya, ni dai sikeli na ajiye bakin kanta.

Wajen ƙarfe 4 na yamma ake fitar da sanarwar haɗarin zaftarewar dusa ta tsaunukan Belledonne, inda Chamrousse yake, ma'auninta daga 1 zuwa 5. Ina buga ta in manna a ƙofa. Samari in suka ga 3 sai su ce ai tsakiya ne, ba komai, alhali a matakin 3 ɗin aka fi rasa rayuka, don 4 da 5 kowa tsoro yake ya zauna. Cikin hanyoyin da aka shata ma'aikatan ceto kan fita da asuba su tayar da nakiya su zubo da abin da ke shirin zubowa kafin a buɗe, ƙarar kan iso mu muna buɗe shago. Wanda zai fita wajen shata kuwa ba na ba shi katako sai na ga yana da na'urar nemo mutumin da dusa ta binne da shebur da sandar tono, ko ya ji haushi.

Injinan feso dusa suna taimako, amma su ma sai sanyi ya kai kamar digiri 2 ƙasa da sifili, da ruwa a tafki, da kuɗin lantarki. Tashar awon Col de Porte da ke ƙetaren kwari, a mita 1,325, tun farkon shekarun 1960 take auna dusa, kuma awon raguwa yake nunawa ƙarara. Shi ya sa yanzu ba na cika shago da sabbin kaya tun kaka, ina sayen kaɗan, in jira in ga yadda Disamba za ta kaya kafin in ƙaro na hutun makarantu na Fabrairu, wanda shi ne ke biyan hayar shekara. Sauran kuɗin kekunan hawan dutse na zuba su, na hayar lokacin zafi.