Namijin Tantabara Ma Yana Kwanci

Ni tela ne a Aboabo, cikin Kumasi, kuma shagona a ƙofar gidan da nake haya yake. Wannan ya ba ni abin da yawancin masu kiwon tantabara ba su samu ba, wato wuni tare da su. Wanda ke sammakon fita Kejetia ko Suame, watsa musu hatsi kawai yake yi ya wuce, sai magariba ya dawo ya ƙirga su. Ni kuwa da na ɗaga kai daga keken ɗinki, ta tagar baya nake hango ɗakinsu, har na san wace ce mai tsoro, wane ne mai neman faɗa.

Kawuna ne ya ba ni auren tantabara na farko, mace da namiji, lokacin da ƙafa ta fara hana shi hawa tsani. Da katako da ragar waya muka haɗa ɗakin, muka ɗaga shi sama sosai saboda ɓera da muzuru, da kuma ruwan da kowa ya san yadda yake cika Aboabo in damina ta yi ƙarfi. Gurbin kwanciya kuwa galan ɗin nan rawaya ne da muke kira galan Kufuor, a yanke gefe ɗaya a zuba ɗan yashi a ciki. Da muka gama sai ya ce, “Ɗana, kada ka buɗe musu ƙofa sai sun yi ƙwai. Hatsi ba ya riƙe tantabara.” Na ce, “To, Kawu.” Haka na yi, kuma ranar da na buɗe, suka tashi suka kewaye unguwa har na daina ganinsu, can sai ga su sun sauko kan kwano ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nufi gurbinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke kwanci. Mace ƙwai biyu take yi, na biyu yakan zo kusan kwana biyu bayan na farko, kwancin kuma kwana 17 ne zuwa 19. Sheƙar ba abin nunawa ba ce, 'yan tsinkaye ne da namiji ke tsintowa ɗaya-ɗaya yana miƙa mata, ita tana jerawa a ƙarƙashinta. Tun daga yamma har gari ya waye ita ce a kan ƙwai. Da hantsi ya yi sai ka ga namiji ya sauka a bakin galan, ya yi ɗan kuka can ƙasan maƙogwaro, ya tsaya. Wani lokaci ba ta son tashi, sai ya shiga ya raɓa jikinta yana turawa a hankali har ta miƙe. Ta fito tana miƙa ƙafa da fiffike, ta nufi ruwa. Shi kuma ya sa baki ya juya ƙwan, ya buɗa gashin ƙirjinsa, ya gyara zama, ya lafe. Ba zai tashi ba sai bayan la'asar. Na sha miƙa hannu don in duba ƙwai a lokacinsa, ya kumbura ya make ni da fiffike. Ko kwanon rufin da ke kansa ya yi zafin da ba a iya taɓawa, yana nan, baki buɗe yana haki.

Ranar da aka ƙyanƙyashe, ɗan shila ba shi da kyan gani: ido a rufe, jiki tsirara sai ɗan gashi rawaya, wuyan ma ba ya iya ɗaukar kai. Ba ya iya cin ko ƙwayar gero. Sai Allah Ya sa jakar nan da ke ƙasan wuyan iyaye, inda hatsi ke fara taruwa, ta riƙa fitar da wani farin abu mai kauri, kamar wagashin da aka marmasa, cike da maiƙo da abin gina jiki. Ɗan shila ya cusa bakinsa cikin na babba, babban ya riƙa sunkuyawa yana girgiza yana ɗura masa. Uwa tana yi, uba ma yana yi, daga jikinsa yake fitowa kamar yadda yake fitowa daga nata. Masana sun ce sinadarin da ke kawo wa mace mai jego ruwan nono, shi ne dai ke aiki a jikin tantabara, namiji da mace, kuma tsuntsayen da ke yin haka a duniya ba su da yawa. Bayan kamar mako guda sai su fara cuɗa masa da hatsin da ya jiƙa. Girman da yake yi a kwanakin nan sai wanda ya gani, abin da ka rufe da yatsu biyu ranar Juma'a, wata Juma'ar ya cika tafin hannu.

Wajen mako biyu mace takan sake yin wasu ƙwan a gurbi na kusa. Daga nan ciyar da na farkon yakan koma kusan duka wuyan uba, ga shi kuma bai bar kwancinsa na rana a kan sababbin ƙwan ba. A lokacin nan in ka kama shi za ka ji ƙashin ƙirjinsa ya fito. 'Ya'yan sun kusa kai shi girma, suna bin sa suna tsiwa suna dukansa da fukafukai, shi kuma yana tsayawa ya ɗura wa wannan ya juya ga wancan, har su cika wata guda su fara tsintar hatsi da kansu.

Mu mazan zango mun taso mun tarar ana cewa reno na mata ne, namiji in ya ajiye kuɗin cefane ya sauke nauyi. Amma kowa ya san wace ce ke tashi tun ƙarfe uku na dare ta hura wutar koko da ƙosai, ko ta ɗora tukunyar shinkafa da wake ta sayarwa, da goyo a bayanta, ta shirya na makaranta, ta wuni a bakin titi, da dare kuma yaro ya yi zazzaɓi ita ce a zaune. A gidaje da yawa kuɗin cefanen ma rabi daga cinikinta yake fitowa. Na taɓa kawo maganar nan a majalisarmu ta shan ataya, wani abokina ya ce, “Haba Malam, to mu tantabaru ne?” Na ce a'a, mun fi su, shi ya sa abin ya fi zama wajibi a kanmu. Ai ba daga tsuntsu za mu ɗauko hukunci ba. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Mun haddace wannan tun muna makarantar allo da ta dare. Tsuntsun dai ya sa mini shi a gaban ido ne kullum da hantsi, inda ba zan iya kau da kai ba. Yanzu in maiɗakina ta tafi kasuwar Asawase wajen sana'arta, ƙaramarmu a shago take wuni, a kan tabarma kusa da keke. Ni ke ba ta koko, ni ke wanke ta. Akwai masu kawo ɗinki da suka yi mamaki da farko, har wata Hajiya ta ce, “Tela, ina uwar yarinyar?” Na ce tana kasuwa, Hajiya, yanzu lokacina ne. Ta yi shiru, ta ce Allah Ya yi albarka.

Hausawa na yi wa tantabara kirari da uwar alkawari, saboda duk inda ta je sai ta dawo. Sarakuna sun daɗe da sanin haka. A ƙarni na 12 Sarki Nuruddin Zangi ya kafa hanyar aika saƙo da tantabaru tsakanin biranen Sham, sarakunan Masar na bayansa suka faɗaɗa ta. A 1850 mutumin da ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters da tantabaru yake aika farashin kasuwa tsakanin Brussels da Aachen, inda wayar tangaraho ba ta haɗe ba tukuna. Sai dai akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ba a aiken tantabara wani wuri. A kwando ake ɗaukar ta a kai ta nesa, in an ɗaura mata takarda an sake ta, gida kawai ta nufa. Da kallon rana take gane gabas da yamma, masana na ganin tana jin maganaɗisun ƙasa da ƙamshin iska, wasu masu bincike a Jami'ar Oxford ma sun gano cewa in ta saba da wuri, manyan tituna take bi. Masu tseren tantabara a Beljiyam, inda aka sayar da wata guda ɗaya kan Yuro miliyan 1.6 a 2020, sukan raba namiji da matarsa, su nuna masa ita dab da tafiya, don sun san abin da zai sa shi sauri ke nan.

Duk ɗan zango ya kamata maganar nan ta taɓa shi. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, da yaƙin Salaga ya watsa kasuwar garin a 1892 suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra. Da yawansu da niyyar komawa suka zo. Abin da ya zaunar da su ba riba ba ce kaɗai, don riba tana ko'ina. Aure suka yi, suka haihu, suka binne iyaye a nan. Shi ya sa dokar korar baƙi ta 1969, zamanin Firaministan Ghana Busia, ta yi ciwon da tsofaffinmu ba su manta ba har yau: an ɗora mutane a mota zuwa garuruwan da sunansu kawai suka sani, wasu kuma da ƙura ta lafa suka lallaɓo suka dawo. In wani ya ce mini mu baƙi ne a Kumasi, ba na yin fushi sosai. Na san inda aka yanke mini cibiya, na san inda 'ya'yana suke kwana.

Ba komai nasu ne abin koyi ba, kuma duk mai kiwon da ya ce maka tantabara ba ta da mugunta bai zauna da su ba. Ɗan shila in ya faɗo ya shiga gurbin da ba nasu ba, namijin wurin zai sassare masa kai har jini ya fito, wannan uban dai da na gama yabo. Akwai kuma ƙaƙƙarfan da zai ƙwace gurbi uku ya hana wasu sakat. Na lura abin yana ƙaruwa ne in wuri ya yi musu kaɗan. Da na ƙara galan har kowane aure ya sami biyu, na kuma raba wurin cin abinci, faɗan ya ragu ƙwarai. Tun daga nan na rage saurin yanke wa maƙwabta hukunci. Gidan da iyali goma ke layin famfo ɗaya da banɗaki ɗaya, in aka ji hayaniya da asuba, ba lallai ne mutanen banza ke ciki ba.

Da hunturu shaho yakan yawaita. Da ɗaya ta hango shi ta buga fiffike, duka sun tashi, su dunƙule wuri ɗaya suna juyi tare, wadda ta ware ita yake bi. Cuta kuwa ta ruwan sha ta fi shigowa, musamman mai sa wani abu rawaya a maƙogwaron 'yan shila, don haka kullum sai na wanke mazubin na sake ruwa. Dawa da gero da masarar da ake kawowa daga Techiman da arewa nake ba su, da 'yar tsakuwa da kanwa a gefe. In zan share kashinsu nakan yayyafa ruwa in rufe hanci, ƙurarsa tana taɓa huhu. Masu lambu suna zuwa su saye shi.

Limamin masallacinmu ya taɓa tsayar da ni bayan azahar, ya tuna mini hadisin da ke cikin Abu Dawud na mutumin da aka gani yana bin tantabara, aka ce shaiɗan ne ke bin shaiɗaniya. Na ce, “Allah gafarta Malam, to kiwon ne ba kyau?” Ya ce kiwo halal ne, abin da ake gudu shi ne ta shagaltar da kai daga salla, ko ka hau rufi kana leƙen gidajen mutane, ko garkenka ya janyo ta wani ka riƙe. Na ukun nan shi ne jarrabawar masu kiwo ta gaskiya, don yana faruwa. Baƙuwa takan biyo nawa ta sauka, wani lokaci kyakkyawa wadda ta fi duk abin da nake da shi. Nakan ba ta ruwa, in hana ta shiga ɗaki, in aika yara su tambaya a Sawaba da Akwatia Line ko wani ya rasa. Galibi kafin su dawo ma ta tashi.

Saboda wannan halin nasu na komawa gida, ba na sayar wa mutumin cikin Kumasi babbar tantabara. Zai biya kuɗinsa, ya kulle ta, ranar da ya buɗe ta dawo wurina, a fara zargi tsakanin mutanen da ke haɗuwa a sahu ɗaya. Wanda ke son farfesu, ko za a kai wa mai jego ko marar lafiya, ina ba shi 'yan shila masu wata guda. Wanda ke son fara kiwo kuwa, sai ya jira waɗanda suka fara cin hatsi da kansu amma ba su taɓa tashi sun ga unguwa daga sama ba, kuma sai na je na ga ɗakin da ya tanada da idona, na tabbata ya ɗaga shi daga ƙasa kuma ruwa ba ya shiga, kafin in karɓi ko sidi ɗaya a hannunsa.