Daminar da muka saki maƙiyin murzuna a gonakin Mirriya

Duk wanda ya taɓa noma hatsi a ƙasar Damagaram ya san murzuna. Zangarniya ta fito da kyau, ta yi bununi, mai gona ya fara lissafin dammunan da zai ɗaure, sai a wayi gari a ga wani zane ya nannaɗe ta daga ƙasa zuwa sama, tsaba ta zube. A kan wannan tsutsa na yi aikin kammala karatuna a Jami'ar André Salifou ta Zinder, cikin wasu ƙauyuka na Mirriya.

Uwar murzuna wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, masana na ce masa Heliocheilus albipunctella. Yana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka, macen ta bi zangarniyar da ta fid da kai ta zuba ƙwai. Tsutsotsin su fara da cin fure, in sun yi ƙarfi su riƙa yanke ƴan sandunan da ke riƙe da tsaba suna zagayawa, shi ne zanen da muke gani. In sun ƙoshi sai su sauka su shige cikin rairayi, su kwanta har wata damina. Sau ɗaya suke haihuwa a shekara, amma a shekarar da abin ya yi muni gona na iya rasa fiye da rabin amfaninta. Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zame wa manoman Sahel annoba. Feshi ba ya yi mata abin kirki: tana ɓoye cikin zangarniya, hatsin ya fi mutum tsayi, kuɗin maganin kuma ya fi ƙarfin mai hekta biyu ko uku.

Maganin da muka gwada ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne. Wani mitsitsin zanzaro ne, Habrobracon hebetor, tsawonsa milimita biyu zuwa uku. Macen na harbin tsutsa ta sandare, ta zuba ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su tsotse ta, cikin kwana goma ko ƙasa da haka sabbin zanzaro sun tashi. Yana nan a gonakinmu tun asali, sai dai rani na karkashe shi saboda rashin abinci, kafin ya sake yawa murzuna ta riga ta gama ɓarna. Dabarar ita ce a kiwata shi a ɗaki, a sake shi da wuri. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Maradi, irin su Farfesa Ibrahim Baoua wanda ya yi aiki a can, da Dokta Malick Ba wanda ya yi aiki da ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, sun yi shekaru suna gyara wannan hanya tun daga shirin yaƙi da murzuna mai suna GIMEM da aka fara a 2006 a Nijar da Mali da Burkina Faso. A gwajin da suka wallafa a 2014, amfanin gona ya ƙaru da kashi 34 cikin 100 a inda aka saki ƙwaron. Namu aikin shi ne mu bi sawunsu a ƙasarmu mu gani da idonmu.

A takarda abin gajere ne. Ɗan buhun algarara, gram 50 na tsabar hatsi, gram 30 na garinsa, tsutsa 25 ta wani ƙwaron rumbu mai suna Corcyra don ta zama abincin ƴaƴan zanzaron, da matan zanzaro biyu da suka riga suka sadu da namiji. A ɗaure baki. Bayan kamar kwana takwas ƴaƴan su fara ficewa ta ramukan saƙar buhun, kusan 60 zuwa 70 daga kowane buhu. Ƙauye guda buhu 15 yake samu: uku a tsakiya, uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa.

Abin da takarda ba ta faɗa maka shi ne wahalar samun tsutsa 25 ɗin nan, masu girman da ake so, a ranar da ake so, sau ɗaruruwa. Kiwon Corcyra cikin bokitai ake yi, a fara tun bazara, lokacin da zafin Zinder ke wuce digiri 40. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ka buɗe bokiti da safe ka tarar rabi sun mutu. Tururuwa na shiga, sai an tsoma ƙafafun tebur cikin gwangwanin ruwa. In zanzaro ɗaya ya ɓata hanya ya faɗa ɗakin tsutsa, ya lalata maka aikin wata. Na fi cin lokaci kan tankaɗe gari da wanke bokiti fiye da kan kwamfuta, kuma har yau ina ganin wannan shi ne zuciyar aikin. Malaminmu kan ce wanda bai iya raya tsutsar ba, kada ya yi maganar sakin zanzaro.

Sai maganar lokaci. In ka saki da wuri babu tsutsar da zai harba, ya watse a banza. In ka makara ta sauka ƙasa. Mu muna birni, gonakin kuma ba rana ɗaya aka shuka su ba, don ruwan bai sauka ko'ina tare ba. Wani dattijo a ƙauyen farko ya warware mana wannan. Ya ce, "Ɗana, ku bar ƙidayar kwanakinku. Ranar da na ga kai ya fito a gonar tudu, ni zan buga maka waya." Na ce, "To Baba, amma da kun ga alamar ƙwai ko ƙaramar tsutsa, ko da dare ne ku kira." Ya kira cikin watan Agusta, bayan sallar isha. Washegari muna bisa babur da kwali, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane saboda rana. Shi ne kuma ya hana mu rataye buhunan a reshen gawo, tunda gawo ba shi da ganye da damina, ruwa zai jiƙa su. Muka sa su ƙarƙashin jinkar rumbuna.

Wurin da ya fi yi mini nauyi shi ne ƙauyukan awo. Don a san ko zanzaron ne ya yi aiki ba sa'ar shekara ba, dole a sami ƙauyuka masu nisa inda ba a saki komai ba, a riƙa ƙirgawa a can ma. Na zauna gaban maigarin ɗaya daga cikinsu ina bayani, ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, wato ku zo ku ƙirga asararmu ku tafi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba mu ƙirga a nan ba, ba wanda zai yarda da abin da muka gani a can." Ya amince, bisa sharaɗin baɗi su ne farkon samun buhu. Ya yi gaskiya. A ganina duk binciken da zai bar wani gari a matsayin ma'auni, to tun ranar tsara kasafi a sa kason wannan gari a ciki. Hatsin da ake aunawa tuwon gidan wani ne.

Ƙirgar kanta aikin haƙuri ce. Ka bi gona a karkace, ka lanƙwaso zangarniya, ka buɗa zanen da tsinke, ka rubuta: mai rai, matacciya, ko wadda ƴan fararen ƙunduna, wato ƴan gidajen da ƴaƴan zanzaro ke saƙa wa kansu, suka kewaye. Waɗannan ƙundunan su ne shaidar zanzaro ya yi aiki. A ƙauyukan da muka saki, makonni kaɗan bayan haka yara ma sun iya gano su, suna rige-rigen nuna mini. A ƙauyukan awo sai ka daɗe kana nema. Gefe ɗaya ne cikin wuraren da muka saki ya ba mu mamaki, inda tsutsa ta ci gaba da ci kamar ba a yi komai ba. Da muka bincika, ashe an fesa wa waken da ke tsakanin hatsin magani a makon da muka saki. Maganin bai taɓa murzuna ba, zanzaron ya kashe. Tun daga nan, kafin a rataya buhu sai an yi zama da masu gonakin kewaye an daidaita ranar feshi.

Bayan girbi na koma kowane ƙauye na karanta musu sakamakon da Hausa, har da na wancan gefen da bai yi ba, don kundin da na rubuta da Faransanci yana ajiye bisa kantar littattafai a jami'a. Tambayar da mata suka fi yi ita ce ko su ma za su iya kiwon. Za su iya. Bokiti ne da gari da yadi mai shara-shara da ɗaki mai sanyi, kuma tunda rani na cinye zanzaron, kowace shekara sai an sake saki. Ɗauko shi daga birni bisa babur ba zai wadatar da Mirriya da Matamaye da Magarya ba. Yanzu muna koya wa ƙungiyar mata ta ƙauyen dattijon nan kiwon Corcyra a wani ɗakin soro da maigari ya ba su, mu kuma mu riƙe irin zanzaron mu kai musu a farkon Yuli, su ɗura buhunan da kansu su sayar wa maƙwabta.