Abin da hanyar Tromso zuwa Longyearbyen ta koya mini

A shekarata ta biyu a ofishin sayar da tikitin jirgi, wani malamin jami'a ya shigo yana son a tsara masa tafiya zuwa Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda zai halarci wani kwas kan sauyin yanayi. Na ɗaga kai na dubi taswirar da ke manne a bango, na auna da yatsa daga Tromso, wani birni a arewacin Norwe, zuwa can, sannan na ce masa ya shirya wa zaman awa huɗu a cikin jirgi. Da na buɗe kwamfuta sai na tarar tafiyar ba ta kai awa biyu ba, domin tazarar kilomita 950 ce da 'yan kai, wato ta ɗan ɗara tsakanin Kano da Legas.

Kunyar da na ji ce ta sa na koma na yi karatu. Taswirar tamu irin wadda masanin taswira Mercator ya zana a 1569 ce, kuma tana kumbura ƙasa gwargwadon kusancinta da ƙarshen arewacin duniya. Tromso tana kan digiri 69 arewa da layin tsakiyar duniya, Longyearbyen kuwa tana kan 78, inda taswirar ke faɗaɗa komai kusan ninki biyar. Ashe yatsana ƙarya ya auno mini.

Sai dai kuskuren da ya fi tayar mini da hankali ba na nisa ba ne. Svalbard ba ta cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, duk da cewa a ƙarƙashin Norwe take, saboda haka ana duba fasfo kafin a tashi, kuma wanda ya je can ya fita daga yankin ke nan. Malamin yana riƙe da bizar shiga sau ɗaya, alhali jiragen fasinja da ke tashi daga Longyearbyen a kai a kai ta Tromso ko Oslo suke bi, duka biyun kuwa a cikin yankin suke. Wata abokiyar aikina da ta girme ni ce ta ɗauki fasfon ta buɗe, ta ɗora farce a kan lambar da ke nuna sau nawa zai iya shiga, ta ce, “Malam, da wannan bizar za ka tafi lafiya, amma ta ina za ka dawo?” Jikina ya yi sanyi, domin saura kaɗan in karɓi kuɗinsa.

Mun ɗage tafiyar har ya samo bizar shiga sau biyu. Na kuma bar masa kwana guda a Oslo a hanyar dawowa, saboda watan Janairu ne, lokacin da rana ba ta fitowa sam a Longyearbyen, kuma iska da dusar ƙanƙara na iya hana jirgi sauka. Ya ɗan yi ƙorafin kuɗin otal, amma na dage, na nuna masa cewa asarar tikitinsa na komawa Abuja ta fi kuɗin ɗaki na dare ɗaya nesa ba kusa ba, ya kuma amince ya biya.