Ranar da na koma aiki daga jego

Ranar Litinin ce. Na tashi tun kafin assalatu, na shayar da yarinyar, na tatsi nono a kofi mai murfi, na rubuta wa ƙanwata lokutan da za ta riƙa ba ta a bayan wata tsohuwar takardar kuɗin wuta. Watanta biyu da rabi a duniya. A cikin Adaidaita Sahu hankalina duk yana gida, amma ina jin wani daɗi a ƙasan raina, don na ƙosa in sake riƙe kuɗin da gumina ya kawo.

Shekara uku da wata huɗu ina teburin karɓar kuɗi a wani babban kantin magunguna da kayan jarirai a nan Kano. Ni ke buga rasit, ni ke haɗa cinikin rana kafin a rufe. Ban taɓa yin giɓin ko naira ɗari ba. Da cikina ya tsufa ina tsaye a wurin ƙafafuna a kumbure, ban tafi hutu ba sai ana saura mako ɗaya in haihu. Ranar da zan tafi manaja ya ce, "Malama, ki je ki huta wata uku, wurinki yana nan. Allah Ya raba lafiya." Na yi ta godiya har da durƙusawa. Ranar suna abokan aiki suka zo da turmin atamfa da sabulu, suka ce har da hannun maigida, mai kantin, a ciki.

Da na shiga kantin sai na tarar da wata budurwa a kan kujerata. Ta gaishe ni da ladabi, ba ta san ko ni wace ce ba. Dardumata da kofin shayina suna ɗaure cikin baƙar leda a ƙarƙashin tebur. Ledar nan ita ta fara faɗa mini, tun kafin kowa ya buɗe baki.

A ofis manaja bai yarda mun haɗa ido ba. Ya tambayi lafiyar jaririya, sannan ya ce, "Kin ga yanayin kasuwa. Kuma mai goyo, yau rigakafi, gobe zazzaɓi. Maigida ya ce ki ɗan ƙara hutawa, in an samu gurbi za a neme ki."

Na ce, "Yallaɓai, korata aka yi ke nan?"

Ya ce, "A'a, subhanallahi, wa ya ce kora?"

Daidai lokacin nono ya zubo mini, ya jiƙa gaban rigar. Na ja mayafi na rufe, na ɗauki ledata. A bakin titi na tsaya na fi minti goma, motoci suna wucewa, na rasa ma inda zan ce wa mai Adaidaita ya kai ni.

Umma ta ce in yi haƙuri, kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Na yarda da wannan har zuciyata. Maigidana ma bai nuna ɓacin rai ba, ya ce dama yarinyar ta fi buƙatata. Amma ni na san abin da dubu 60 ɗin nan ta albashina take toshewa a gidanmu. Da ita nake zubin adashe, da ita nake sayen maganin hawan jinin Umma, ita ce cefanen ƙarshen wata idan nasa ya ƙare. Famfas ɗin da na yi shekara uku ina miƙa wa mutane a leda, yanzu ƙirga shi nake yi ɗaya-ɗaya, da rana sai dai tsumma.

Bayan kwana huɗu 'yar ƙanwar Umma, wadda lauya ce, ta zo ganin jaririya. Da ta ji labarin sai ta ajiye kofin kunu ta ce, "Yaya, ina takardar ɗaukarki aiki?" Na ce ai babu, da baki aka ɗauke ni. Ta yi shiru, sannan ta buɗe waya ta karanto mini sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya, tana fassarawa.

Ashe hutun da na durƙusa ina godiya a kansa haƙƙina ne. Doka ta ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Idan ta kai wata shida tana aiki a wurin, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta duk tsawon hutun. Ni rabin wata ɗaya kawai aka turo mini, sauran biyun shiru, ban tambaya ba don kada a ce na cika son kuɗi. In ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana don ta ba ɗanta nono. Sashe na 7 kuma ya ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Wani sashen kuma ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, sai an ba shi sanarwar mako biyu kafin a sallame shi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda dokar ta hana a ba mace takardar sallama tana cikin hutun haihuwa. Sai na gane dalilin shirun. Yarinyar da ke kan kujerata, daga baya na ji, ta kusa wata biyu a wurin. Wato ina cikin wankan jego, ina shan kunun kanwa, ban ma yi arba'in ba, an riga an gama da maganata. Jira kawai aka yi in tako da ƙafata. Da an faɗa mini tun lokacin, da na fara neman wani wuri, da ban ɗauki sabon adashe ba.

Ba na jin haushin budurwar ko kaɗan. Ita ma abinci take nema, kuma ran da ta yi aure ta samu ciki, ledarta za a ɗaure mata.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne wannan: a bangon kantin nan akwai hoton uwa da jariri, an rubuta a shayar da nono zalla har wata shida. Ni kaina na sha nuna wa masu jego shi idan sun zo sayen madarar gwangwani. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana samun mako 16. Legas ta mayar da na ma'aikatanta wata shida tun 2014, Kaduna da ke nan kusa da mu ta bi sahu a 2019. Mu da ke kantuna da makarantun kuɗi da ƙananan kamfanoni, mako 12 ɗin ma sai an ga dama. Al'ummar da za ta tambaye ki "har yanzu shiru?" in kin shekara da aure ba ciki, ita ce kuma za ta ce mai goyo ba ta da amfani a wurin aiki.

Mun zauna mun yi lissafi. Rabin albashin wata biyu dubu 60, kuɗin sanarwar mako biyu dubu 30. Ba ni da takardar ɗauka, amma ina da saƙonnin banki na kowane wata da sunan kantin a jiki, ina kuma da saƙon WhatsApp da manaja ya rubuta "sai kin dawo". Ta ce mu fara da wasiƙa cikin mutunci. In ba su amsa ba, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago, akwai kuma Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano.

Umma ba ta so. Ta ce, "Ke da jariri a hannu, ina ke ina shari'a da masu kuɗi?" Na ce, "Umma, ba faɗa zan yi ba, kuɗin maganinki ne a hannunsu." Ba ta ce komai ba, sai ta karɓi yarinyar ta goya.

Jiya na kai wasiƙar da kaina. Na sa an buga mini hatimi a kan kwafina, na tsaya har sai da aka rubuta kwanan wata. Mun ba su mako biyu. A hanyar fita budurwar ta biyo ni da gudu ta miƙo mini carbina, ta ce a cikin durowa ta tsince shi.